"Sorry": kalmar da ke yin jaje, take kuma neman afuwa

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a Najeriya ko Gana an koya masa cewa ma'anar "sorry" ita ce "yi haƙuri". Ka taka ɗan ajinku, malam ya ce ka ce masa "sorry", ka ce, magana ta mutu. Da wannan fahimta muka tashi, da ita kuma muke sauraron labaran duniya. Shi ya sa da zarar an ji wani shugaba a Turai ko Amurka ya furta kalmar, sai a ce ai ya nemi afuwa. Sau da yawa kuwa bai nema ba. Ya dai zaɓi kalmar da kunne zai iya ji kamar neman afuwa, bayan lauyoyinsa sun tabbatar masa cewa ba ta ɗora masa laifin komai ba.

Dalilin da ya sa kalma ɗaya ke iya yin wannan aiki yana can a tushenta. A tsohon Turancin da aka yi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka shige, ana cewa "sarig", daga "sar", wato ciwo ko miki. Wannan tushen ne ya haifi "sore" ta yau, wadda ake faɗa idan maƙogwaro ko ƙafa na ciwo. Mutane da yawa, har da Turawan kansu, sun ɗauka daga "sorrow" ta fito, wato baƙin ciki, amma masana tarihin harshe sun nuna kowace da nata tushen. Kamannin sauti ne da kusancin ma'ana suka sa ɗaya ta ja ɗaya har rubutunsu ya yi kama. Saboda haka wanda ya ce "I am sorry", ainihin abin da ya faɗa shi ne: raina na ciwo. Bai ce shi ya jawo abin ba, bai kuma roƙi kowa komai ba. Yanke jimlar a bar "sorry" ita kaɗai a matsayin ban haƙuri daga baya ya zo, a ƙarni na 19.

A nan ne take rabuwa da maganganunmu. "Ka yafe mini" roƙo ne, ana miƙa shi ga wanda aka cuta, kuma yana da ikon ya karɓa ko ya ƙi. "Na yi kuskure" amsa laifi ne ƙarara. "Tuba nake" ta haɗa biyun, ta ƙara da alkawarin ba za a koma ba. Ita kuwa "sorry" ba ma aikatau ba ce a nahawunsu, sifa ce, tana bayyana halin da mai magana yake ciki. Labari ne mutum yake ba ka game da zuciyarsa. Ko zuciyar tana ciwo ne don abin da hannunsa ya aikata, ko don abin da ƙaddara ta auko maka da shi, kalmar ba ta faɗa. Turawa suna da wata kalmar ga mai son ya fito fili, "apologise", wadda idan mutum ya furta ta ya ɗauki nauyin abin ke nan. Suna kuma da "regret", wadda ba ta wuce nuna takaici ba, irin takaicin da ofis ke nunawa idan ya rubuto maka cewa ba ka sami aikin ba. "Sorry" tana zaune a tsakanin waɗannan biyu, tana karkata duk inda aka tura ta.

Wanda ke son ya gane wace iri ake yi masa, sai ya kasa kunne ga 'yan kalmomin da ke biyo bayanta. Idan mutum ya ce "I am sorry for shouting at you", ya ambaci abin da ya yi da kansa, ya daka maka tsawa, kuma ya amsa. Wannan ban haƙuri ne na gaske. Idan ya ce "I am sorry to hear that", jaje yake yi, labari ya iso masa ya sosa masa rai. "Sorry for your loss" ita ce ta'aziyyarsu. "Sorry about the noise" kuwa ba ta nan ba ta can: hayaniya ta dame ka, ya yarda, amma bai ce shi ne mai yin ta ba, ƙila yaransa ne, ƙila maƙwabta. "Sorry to bother you" ana faɗinta ne tun kafin a yi abin, daidai da "gafara dai" ko "don Allah ɗan ba ni hankalinka".

Akwai wata guda da ke ka da masu koyo ba tare da sun ankara ba. Bahaushe mai kyakkyawar niyya zai so ya ce wa wanda aka yi wa rasuwa "na tausaya maka", sai ya ce "I am sorry for you" ko "I feel sorry for you". A kunnen Bature wannan tausayi ne irin na wanda ke sama yana leƙen na ƙasa, kuma a cikin faɗa ma ana jefa ta a matsayin baƙar magana, kamar a ce "kai abin tausayi ne". Tsakanin "for your loss" da "for you" tazarar ƙarama ce a baki, amma ta farko tana kuka tare da kai, ta biyu tana kallonka. Haka nan "you will be sorry" babu haƙuri ko ɗaya a cikinta, barazana ce: za ka gane kurenka. Idan kuma ta zo gaban suna, sai ta koma nufin lalacewa. Jaridun Turanci na Najeriya kullum suna rubuta cewa wata hanya ko wata makaranta tana cikin "a sorry state", ma'ana ta lalace har ta zama abin tausayi. A ɗaga murya a ƙarshenta, "Sorry?", ta zama "na'am?", wato ban ji ba, maimaita. A tsakiyar jimla kuma gyaran tuntuɓen baki ce: "Tuesday, sorry, Wednesday", kamar mu ce "Talata, au, Laraba". Wanda ya fara da "Sorry, but" kuwa shirin musa maka yake yi.

Mutanen Ingila sun yi suna wajen yawan faɗinta. Wata masaniyar halayyar al'umma mai suna Kate Fox ta taɓa gwada su: ta riƙa bangazar mutane da gangan a tashoshi da tituna kamar bisa kuskure, sai ta tarar mafi yawansu su ne ke ce mata "sorry", alhali ita ta buge su. Ba wai sun ɗauka su ne da laifi ba. A wurinsu kalmar tana share ɗan abin da ya gitta ne tsakanin baƙi biyu, kowa ya kama gabansa ba tare da an tsaya bin ba'asi ba. Wanda ya zauna a cikinsu zai ji ta wajen neman hanya a bas, wajen tambayar ko akwai mai kujera, har wajen mayar da abincin da aka kawo ba daidai ba.

Duk da wannan yawan, akwai wurin da mu muke sa ta su ba sa sawa. Ɗan Najeriya ya ga abokin aikinsa Bature ya yi tuntuɓe ko ya ƙone da shayi, sai ya ce "sorry!" Baturen ya juyo da mamaki ya ce ai ba laifinka ba ne. Shi ɗan Najeriyar "sannu" yake nufi. Bayarabe "pẹlẹ" ce a ransa, Ibo "ndo", mai jin Swahili "pole". Harsunanmu suna da kalma ta musamman ta nuna wa mutum cewa an ga abin da ya same shi, komai ƙanƙantarsa, Turanci kuwa ba shi da ita. Bature a irin wannan wuri tambaya yake yi, "Are you all right?", ya ajiye "sorry" ta jaje sai babban labari, kamar rasuwa ko rashin lafiya, kuma a cikakkiyar jimla. Da muka karɓi Turanci muka tarar da wannan giɓi, sai muka cike shi da kalmar da ta fi kusa.

Wasu malamai suna ja wa ɗalibai jan biro a kan wannan, suna cewa gurɓataccen Turanci ne. Ban yarda da su ba. Wanda ya ce "sorry" don ya ga wani ya ji ciwo ya fi kusa da asalin kalmar fiye da Baturen da ke faɗinta don neman hanya. Kuma Turancin Najeriya ya kai matsayin da babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a watan Janairun 2020, har da "Kannywood". Abin da ya kamata a koya wa ɗalibi shi ne ya san da wa yake magana. A Kano ko Kumasi kowa zai gane shi. A Landan, musamman idan hatsari ne ya auku kuma yana da hannu a ciki ko da kaɗan, za a iya jin ta a matsayin amsa laifi.

Wannan batu na hatsari shi ya kai kalmar gaban alƙali. A ƙasashen da ake yawan kai ƙara don neman diyya, kamfanonin inshora sun daɗe suna gargaɗin direbobi kada su furta abin da zai yi kama da amsa laifi a wurin da aka yi karo, lauyoyin asibitoci ma suna yi wa likitoci irin wannan gargaɗi. Sakamakon shi ne mutum ya ga wanda motarsa ta buge yana kwance, zuciyarsa na so ta yi jaje, tsoron kotu ya ɗaure masa baki. Jihar Massachusetts ta Amurka ce ta fara yin doka a kan haka a 1986. Wani tsohon sanatan jihar ne ya matsa aka yi ta. Mota ta kaɗe 'yarsa tana kan keke ta rasu, direban bai taɓa zuwa ya nuna alhini ba, daga baya uban ya gano cewa tsoron kada a kafa hujja da maganarsa a kotu ne ya hana shi. Dokar ta ce kalaman jaje bayan hatsari ba za a karɓe su a matsayin shaidar laifi ba. Ingila da Wales sun sa irin wannan tanadi a dokar diyya ta 2006, lardin Ontario na Kanada ya yi tasa a 2009, Scotland a 2016.

Abin lura shi ne yadda wasu jihohin Amurka suka tsara tasu. Dokar shaida ta Kalifoniya ta kare kalaman tausayi, amma ta bar kalaman amsa laifi a buɗe. Idan direba ya ce "I am sorry you were hurt", kotu ba za ta saurara ba. Idan ya ƙara da cewa waya yake dubawa lokacin, wannan ɓangaren shaida ne a kansa. Wato sai da 'yan majalisa suka zauna suka tsaga kalmar gida biyu da alƙalami, suka ware "sannu" daban, "na yi laifi" daban, abin da yaro Bahaushe ya riga ya iya tun kafin ya shiga makaranta.

Inda harshen damon wannan kalma ya fi yin aiki shi ne tsakanin gwamnatoci, kuma babu misalin da ya kai na tsibirin Hainan da ke ƙasar Sin. Ranar 1 ga Afrilun 2001, wani jirgin leƙen asiri na rundunar ruwan Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin ƙasar Sin a sama, kan tekun da ke kusa da tsibirin. Jirgin Sin ya faɗa teku, matuƙinsa Wang Wei ya rasa ransa. Jirgin Amurka ya lalace, ya yi saukar gaggawa a wani filin jiragen soja da ke Hainan ba tare da an ba shi izini ba, Sin ta tsare mutum 24 da ke cikinsa. Gwamnatin Jiang Zemin ta ce sai Amurka ta nemi afuwa, kuma kalmar da take so a harshenta ita ce "daoqian", wadda ke ɗauke da amsa laifi. Gwamnatin George W. Bush, wadda ba ta cika wata uku a kan mulki ba, ta ce jirginta a sararin ƙasa da ƙasa yake, matuƙin Sin ne ya matso shi, don haka ba ta da laifin da za ta amsa. Sakataren harkokin waje Colin Powell ya fara da "regret". Sin ta ce bai isa ba.

Aka shafe kwanaki ana kai-kawo a kan kalmomi. Ranar 11 ga Afrilu jakadan Amurka a Beijing, Joseph Prueher, ya miƙa wa ministan harkokin wajen Sin, Tang Jiaxuan, wasiƙar da aka riƙa kira wasiƙar "sorry" biyu. A wuri na farko ta ce a isar wa al'ummar Sin da iyalan matuƙin cewa "we are very sorry for their loss". Wannan ta'aziyya ce, irin wadda kowa zai yi a gidan makoki. A wuri na biyu ta ce Amurka tana "very sorry" cewa shigar jirgin sararin Sin da saukarsa ba su sami izinin baki ba. Wannan ta ɗan karkata zuwa ban haƙuri, amma a kan saukar kawai, ba a kan karon ba, kuma an gina jimlar ta yadda ba a ce wane ne ya gaza ba. Wasiƙar da Turanci aka rubuta ta. Kafofin labaran Sin suka fassara wa jama'arsu da lafazin da ke nuna an ba da haƙuri sosai, ofishin jakadancin Amurka ya fitar da tasa fassarar da lafazi mai sauƙi. Washegari mutum 24 ɗin suka bar tsibirin, Powell kuma ya fito ya ce Amurka ba ta nemi afuwa ba domin ba ta yi abin neman afuwa ba. Jirgin kansa sai a watan Yuli aka mayar da shi, bayan an kwance shi gunduwa-gunduwa.

Ba na ganin laifin jami'an da suka tsara wannan wasiƙa. Ƙasashe biyu masu makaman nukiliya sun sami mafita ba tare da an ƙara zubar da jini ba, kuma mutum 24 sun koma wa iyalansu. Amma mai fassara labarin zuwa Hausa bai kamata ya shiga cikin dabarar ba. Idan ya ce Amurka ta nemi afuwar Sin, ya ɗauki fassarar ɓangare ɗaya ya ba mai sauraro a matsayin gaskiya. Abin da ya faru shi ne Amurka ta yi ta'aziyya, ta kuma nuna rashin jin daɗinta a kan saukar da aka yi babu izini. An sake yin irin wannan da Pakistan. A watan Nuwamban 2011 harin jiragen ƙawancen NATO ya kashe sojojin Pakistan 24 a Salala, kusa da iyakar Afghanistan, Pakistan ta rufe hanyoyin da ake bi ana kai wa dakarun ƙawancen kaya. Wata bakwai hanya na rufe, har ranar 3 ga Yulin 2012 da sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, Hillary Clinton, ta ce "we are sorry for the losses suffered by the Pakistani military". Aka buɗe hanya. A duba ginin jimlar: asarar da aka yi, ba asarar da muka jawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa kalmar fanko ce. A Ostireliya an shafe fiye da shekara 10 ana gwagwarmaya don a ji ta daga bakin gwamnati. Tun daga wajen 1910 har zuwa wajen 1970, hukumomin ƙasar sun riƙa ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu, suna kai su gidajen raino da gidajen Turawa, da nufin su tashi ba su san harshensu ko danginsu ba. Rahoton binciken da aka gabatar wa majalisa ranar 26 ga Mayun 1997 ya tattara shaidar ɗaruruwan waɗanda aka yi wa haka, ya kuma ba da shawarar a nemi afuwarsu. Firaminista John Howard ya ƙi. Hujjarsa ita ce mutanen yau ba za su ɗauki laifin abin da na jiya suka aikata ba, kuma a bayan fage akwai fargabar biyan diyya. A 1999 ya kawo ƙudurin da ya nuna "deep and sincere regret". Ya ba da "regret", ya riƙe "sorry".

Jama'a ba su karɓa ba. Tun 1998 suka ware ranar 26 ga Mayu a matsayin ranar faɗin "sorry" ta ƙasa, dubban mutane suka sa hannu a littattafan ban haƙuri da aka ajiye a wuraren taruwa. A watan Mayun 2000 mutum kusan 250,000 suka taka a ƙafa suka ƙetare babbar gadar Sydney, wani jirgi ya rubuta kalmar da hayaƙi a sama. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 sabon firaminista Kevin Rudd ya miƙe a majalisa, ya lissafa abin da aka yi, raba iyali, wulaƙanci, raɗaɗin iyaye da 'ya'ya, yana rufe kowane sashe da "we say sorry". Ya kuma yi amfani da "apologise" a fili, don kada a bar ƙofar wata fassara.

Me ya sa waɗanda aka cuta suka nace sai wannan kalma, alhali "apologise" ta fi ta ƙarfi a wajen lauya? Amsar tana cikin Turancin su 'yan asalin ƙasar. A wurinsu zaman makoki da duk al'adun da ke tattare da mutuwa "sorry business" ake kiransu. Faɗin "sorry" shi ne ka zo ka zauna tare da masu makoki, ka nuna abin ya taɓa ka. Ba amsa laifi a takarda kawai suke nema ba, suna so ƙasar ta zo musu gaisuwa. Bahaushe zai fahimci wannan da sauri, domin ya san nauyin a ce wane bai zo gaisuwar rasuwa ba. Wato tsohuwar ma'anar ciwon rai, wadda a Hainan ta zama mafakar gudun laifi, a nan ita ce ainihin abin da ake bukata, kuma da aka haɗa ta da amsa laifi sai kalmar ta cika.

Ta nan ake gane ta gaske da ta bogi: ana ambaton aikin, ana ambaton wanda ya yi. Wadda ta fi ɓata mini rai ita ce "I am sorry if anyone was offended", wadda 'yan siyasa da shahararrun mutane ke fakewa da ita idan sun yi katoɓara. Wannan "if" ɗin ta mayar da laifin abin shakka, ta kuma ɗora shi a kan wanda ya ji haushi. 'Yar'uwarta ita ce "I am sorry you feel that way", wadda ke nufin matsalar tana cikin zuciyarka ne, ba a cikin abin da na yi ba. Mu da aka karantar da mu sharuɗɗan tuba muna da ma'aunin da za mu gwada irin waɗannan da shi: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Jimlar da ba ta ma yarda an yi laifin ba, ba ta hau matakin farko ba.

Gaskiya ita ce mu ma muna da tamu mai fuska biyu. "Yi haƙuri" ana faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ana faɗa wa wanda aka cuta, kuma babba kan faɗa wa ƙarami ita don a rufe magana ba tare da an ce wane ne da laifi ba. Miji ya ɓata wa matarsa, iyaye su ce mata ta yi haƙuri, shi kuwa ba a sa shi ya ce komai ba. Nauyin yakan koma kan wanda aka zalunta. Bambancin shi ne muna da sauran maganganu a kusa da hannu, kuma kowa ya san matsayinsu. Yaron da ya ce "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini, ba zan ƙara ba" ya faɗi abin da "sori Baba" ba za ta taɓa faɗa ba. Wanda ya ce "Yaya, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta" ya yi wa mamaciya addu'a, ya yi wa mai rai. Wanda aka yi wa gobara ana ce masa Allah ya mayar da alheri, maras lafiya Allah ya sawwaƙe, wanda ya tsira daga hatsari Allah ya tsare gaba. Yana damuna in ga saƙonnin waya da na WhatsApp suna tattara duk waɗannan suna mayar da su "sori" ɗaya tilo. Aron kalma ba laifi ba ne, Hausa ta ari dubbai daga Larabci da Turanci ta ƙaru da su. Amma wannan aron ragi yake yi mana, domin muna ba da kalmomin da suka rarrabe abubuwa muna karɓar wadda ta cakuɗa su.

Gwamnatin Birtaniya ta san wannan rarrabewa sarai, kuma tarihin kalamanta ya nuna. Ranar 15 ga Yunin 2010, bayan dogon bincike a kan harbin da sojojinta suka yi wa masu zanga-zanga a garin Derry na Ireland ta Arewa ranar 30 ga Janairun 1972, inda mutum 13 suka mutu nan take, Firaminista David Cameron ya tsaya a majalisa ya ce abin da aka yi ba shi da hujja kuma ba za a iya kare shi ba, sannan ya ce a madadin gwamnati da ƙasa "I am deeply sorry". Ya ambaci laifin, ya ambaci mai shi. A kan kisan da sojojin mulkin mallakar Birtaniya suka yi wa jama'a a garin Amritsar na Indiya a 1919 kuwa, da aka cika shekara 100, Firaminista Theresa May "regret" ta ba da. A kan azabtar da 'yan Kenya a zamanin Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallaka, sai da tsofaffi suka kai ƙara kotun Landan kafin gwamnati ta amince a watan Yunin 2013 ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, a kan ƙarar mutum 5,228, kuma sakataren harkokin waje William Hague ya ce gwamnati "sincerely regrets" abin da ya faru, tare da jaddada cewa ba ta amince tana da alhaki a shari'a ba. Da Sarki Charles ya je Nairobi a ƙarshen Oktoban 2023, ya ce ta'asar da aka yi ba ta da uzuri, ya kuma ce tana sa shi "greatest sorrow" da "deepest regret". Kalamai ne masu nauyi, amma babu "sorry" a ciki, babu "apologise". Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na Kenya, waɗanda suka nemi cikakken ban haƙuri tun kafin ya iso, sun lura da haka nan take suka kuma faɗa. Kanun labarin da ya dace da wannan jawabi a Hausa shi ne Sarkin Ingila ya nuna takaici, kuma 'yan Kenya suna nan suna jiran ya nemi afuwa.